Darasi: Bugun Zuciyar Jariri a Barci da Farke

Duk macen da ta taɓa rungumar jariri a ƙirjinta ta san zuciyarsa ta fi tata sauri. Zuciyar baligi mai lafiya, in yana zaune yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ta jaririn da bai cika wata guda ba takan buga sau 120 zuwa 160. In barcinsa ya yi nisa tana iya sauka zuwa 100, wani lokaci ma ƙasa da haka kaɗan, in kuma ya tsandara kuka sai ta haura 180. Duk waɗannan alƙaluma na yaro ɗaya ne mai ƙoshin lafiya, kuma yana iya ratsa su duka tsakanin azahar da la'asar.

Abin da ake so ku fita da shi daga wannan darasi shi ne sanin cewa ƙidayar bugun zuciyar jariri ba ta gaya wa mutum komai sai ya san halin da yaron yake ciki lokacin da aka ƙidaya: barci yake ko idonsa biyu, in kuma barci ne, wane iri.

Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu

Mu fara da ɗan lissafi. Minti ɗaya sakan 60 ne. In zuciya ta buga sau 120 a minti, tsakanin bugu da mai bi masa akwai rabin sakan. Masu wannan awo suna raba sakan ɗaya gida dubu, kowane gida ana ce masa milisakan. Rabin sakan ke nan milisakan 500. In bugun ya kai 150 a minti, tazarar ta dawo milisakan 400.

Sai dai wannan lissafi matsakaici yake bayarwa. In aka manna wa jariri wayoyin na'urar awon zuciya aka auna kowace tazara ita kaɗai, ba za a ga 500, 500, 500 a jere ba. Abin da za a gani shi ne wani abu kamar 492, 510, 503, 485, 520. Wannan ɗan bambanci da ke tsakanin tazara da tazara shi ne batunmu, kuma za mu riƙa kiransa sauyin tazara. A jikin jariri yatsa ba ya iya jin sa, sai na'ura.

Mutum zai zaci zuciyar da ke bugawa daidai wa daida, ba ragi ba ƙari, ita ce lafiyayya. Likitoci sun gano akasin haka. Zuciyar da tazararta ke ɗan hawa da sauka tana nuna cewa ƙwaƙwalwa na sane da ita, tana gyara mata tafiya gwargwadon buƙatar jiki. Wadda ta miƙe sambal babu sauyi, alhali yaro na numfashi yana motsi, ita ce ke tayar wa likita da hankali.

An daɗe da lura da wannan. A 1733 wani limamin coci a Ingila mai suna Stephen Hales, wanda ya fara auna ƙarfin jini a jikin doki, ya lura cewa bugun ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 1847 kuma Carl Ludwig a Jamus ya nuna a jikin kare cewa zuciya na ƙara sauri in an shaƙi iska, tana ragewa in an fitar. Wannan kam za ku iya gwadawa yanzu a nan aji. Ku ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannunku, ku ja numfashi a hankali har ƙirji ya cika, sannan ku sake shi sannu a hankali. Da yawanku, musamman masu ƙuruciya, za su ji bugun yana ja da baya yayin fitar da iskar.

Linzami da ƙaimi

A saman ɓangaren dama na zuciya akwai wani ɗan gurbi da ke fitar da tartsatsin lantarki, kuma kowane tartsatsi shi ke haifar da bugu ɗaya. Arthur Keith da Martin Flack ne suka gano shi a Ingila a 1907. Da za a bar wannan gurbi shi kaɗai, zuciyar baligi za ta riƙa bugawa kusan sau 100 a minti ko yana barci ko yana gudu. Amma ba a bar shi ba. Daga gindin ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, akwai jijiyoyin saƙo iri biyu da ke isa gare shi, kuma aikinsu ya yi kama da na mahayin doki mai linzami a hannu da ƙaimi a ƙafa.

Linzamin ita ce doguwar jijiyar da likitoci ke kira begas, wadda ke saukowa ta wuya ta ratsa ƙirji har cikin ciki. Ita ke rage wa zuciya sauri. Wasu 'yan'uwa biyu, Ernst da Eduard Weber, su suka nuna haka a birnin Leipzig a 1845. A 1921 Otto Loewi ya tabbatar, ta gwaji da zukatan kwaɗi biyu, cewa wani sinadari jijiyar ke zubawa a kan zuciya, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1936. Ƙaimin kuwa su ne jijiyoyin da ke zaburar da jiki lokacin tsoro ko ciwo ko aikin ƙarfi.

Akwai bambancin da ya kamata ku riƙe. Linzami yana ci nan take, kafin bugu na gaba ya zo. Ƙaimi kuwa sai an ɗauki 'yan sakanni kafin tasirinsa ya bayyana. Saboda haka sauyin da ke faruwa daga bugu zuwa bugu, wanda ke bin shiga da fitar numfashi, aikin linzami ne. Hawa da sauka na sannu-sannu, wanda kan ɗauki sakan goma ko fiye, aikinsu ne su biyun tare. In likita ya raba waɗannan nau'o'i biyu a kwamfuta, yana iya hasashen yadda kowane ɓangare ke aiki ba tare da ya huda fatar yaro ba.

A cikin mahaifa ƙaimi ke riga nuna. Linzami sai a watanni ukun ƙarshe na ciki yake ƙarfafa sosai, kuma yana ci gaba da ƙosawa watanni bayan haihuwa. Dalili ke nan da ya sa zuciyar bakwaini ta fi ta cikakken jariri sauri, sauyin tazararta kuma ya fi ƙaranci. An haife shi kafin linzaminsa ya gama haɗuwa.

Halaye biyar na jariri

Heinz Prechtl, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya daɗe yana aiki a birnin Groningen na Holan, ya shafe shekaru yana kallon jarirai tare da auna numfashinsu da bugun zuciyarsu. Ya kasa halinsu gida biyar, kuma bai buƙaci komai ba wajen rarrabewar sai duba abu huɗu: ido a buɗe yake ko a rufe, numfashi a daidaice yake ko a'a, akwai motsin gaɓoɓi ko babu, akwai kuka ko babu. Kowace uwa tana iya duba waɗannan.

Na farko shi ne barcin natsuwa. Ido a rufe ruf, fuska a sake, numfashi na shiga yana fita a tsari ɗaya. Yaro ba ya motsi sai ɗan firgita jefi-jefi ko ɗan tsotson leɓe. A nan bugun zuciya ya fi sauka, kuma manyan hawa da sauka sun lafa. Sai dai ƙaramin sauyin nan mai bin numfashi a nan ya fi fitowa fili, domin linzami ne ke riƙe da ragamar. Wannan ne lokacin da jiki ya fi hutawa.

Na biyu shi ne barcin motsi, kuma a kansa za mu daɗe, domin shi ne iyaye suka fi yi wa gurguwar fahimta. Ido a rufe yake amma ƙwayar idon na kai-komo a ƙarƙashin fata, wani lokaci ma idon ya ɗan buɗe a ga farinsa. Yaro ya yamutse fuska, ya yi murmushi, ya motsa yatsu, ya yi nishi ko ɗan ƙaramin kuka ya yi shiru. Numfashi ba shi da tsari: ya yi sauri-sauri, ya dakata sakan biyar zuwa goma, ya ci gaba. Bugun zuciya ya ɗara na barcin natsuwa, yana hawa da kowane motsi yana sauka bayansa, saboda haka jimlar sauyin tazara a nan ta fi yawa.

Duk da wannan hidima, yaron barci yake. Irin barcin da baligi ke yin mafarki a cikinsa ne, wanda Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka bayyana a Jami'ar Shikago a 1953. Aserinsky kuwa da kallon fatar idon jarirai ya fara aikin nasa. A 1966 Howard Roffwarg da abokan aikinsa suka nuna cewa kusan rabin barcin sabon jariri wannan nau'i ne, alhali a baligi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ba. Jariri kan yi barcin awa 16 ko kusa da haka a yini da dare, wato kusan awa takwas ke nan yana cikin barcin motsi. Masana da yawa na ganin ƙwaƙwalwa na amfani da wannan lokaci wajen ƙulla hanyoyinta. A bakwaini rabon barcin motsi ya ma fi haka.

Wani abin kuma, baligi da barci mai natsuwa yake farawa, mafarki ya zo daga baya. Jariri da barcin motsi yake farawa, sai bayan kamar minti ashirin ya faɗa na natsuwa, kuma zagayen gaba ɗaya yana ɗaukar minti 50 zuwa 60 kafin ya sake. Sai ya kai wata uku ko kusa da haka tsarin ke juyewa. Shi ya sa mai jego kan ga yaro ya yi barci a kan nono, tana kwantar da shi ya farka da kuka. Da ta ɗan jira har numfashinsa ya daidaita, hannunsa ya yi laushi, da ya kwanta lafiya. Haka nan in ya yi nishi yana mutsu-mutsu da tsakar dare, ya fi kyau a dube shi na ɗan lokaci kafin a ɗauke shi. Sau da yawa ɗaukar ce ke katse masa barcin da yake tsaka da yi. Wannan ba ya hana a tashe shi shan nono in lokaci ya yi, musamman bakwaini da ƙaramin jariri, waɗanda bai kamata su wuce awa biyu zuwa uku ba su sha ba.

Sauran ukun na farke ne. Akwai farke cikin natsuwa, inda ido ke buɗe tar, jiki shiru, yaro na bin fuskar uwarsa da kallo. In wani abu ya ja hankalinsa a wannan hali, bugun zuciyarsa kan ɗan ja baya na 'yan sakanni. Akwai farke da wutsil-wutsil, inda bugu ke hawa. Sai kuka, inda aka saki linzami gaba ɗaya, bugu ya kai ƙololuwa, ƙaramin sauyin nan mai bin numfashi ya kusa ɓacewa. Ko shan nono ma yana da nasa tsarin: zuciya na ƙara sauri yayin tsotso, ta sauka in ya dakata.

Yadda asibiti ke amfani da wannan ilimi

Tun kafin haihuwa ake fara karanta wannan sauyi. A shekarun 1960 Edward Hon a Amurka ya nuna cewa in ɗan tayi ya shiga wahala, tsarin bugun zuciyarsa kan canza kafin a ga wata alama. Daga nan aka samu na'urar da ake ɗaura wa mai naƙuda a ciki a wasu asibitoci, wadda ke zana bugun zuciyar ɗan a kan takarda. Ungozoma na so ta ga bugun tsakanin 110 da 160, layin kuma yana ɗan karkarwa da bambancin bugu 5 zuwa 25. In layin ya miƙe, ba ta yanke hukunci nan take, domin ɗan tayi ma yana barcin natsuwa a cikin mahaifa. Takan jira. In miƙewar ta zarce kimanin minti 50, ta wuce tsawon barci, to dole a nemi dalili.

Bayan haihuwa, babban abokin gaban bakwaini shi ne shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Ciwon yana da wuyar ganewa da wuri, kafin alamunsa su fito ya riga ya ci ƙarfin yaro. A Jami'ar Bajiniya ta Amurka, Randall Moorman da Pamela Griffin sun lura cewa awanni kafin alamun su bayyana, wani lokaci har yini guda, sauyin tazara kan ragu, kuma bugun ya riƙa faɗuwa farat ɗaya na ɗan lokaci ya dawo. Suka ƙera na'ura mai suna HeRO da ke lissafa wannan dare da rana. An gwada ta a asibitoci tara a kan jarirai 3,003 waɗanda nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba, aka buga sakamakon a 2011. Inda likitoci ba sa ganin lissafin na'urar, kashi 10.2 cikin ɗari na yaran sun rasu. Inda suke gani, kashi 8.1 ne. Wato a kowane yara ɗari an tsirar da kamar biyu, ba da sabon magani ba, sai don an farga da wuri.

Ku lura da wahalar da ke cikin wannan aiki. Barcin natsuwa yana rage jimlar sauyin tazara, ciwo ma yana rage ta. Abin da ke raba su shi ne lokaci. Lafiyayyen yaro ba ya daɗewa a hali ɗaya, cikin awa guda zai ratsa natsuwa ya koma motsi, zuciyarsa na bin kowane sauyi. Yaron da zuciyarsa ta zauna a tsari ɗaya awa bayan awa, shi ne abin tsoro.

Kwanciya da goyon ƙirji

Yadda aka kwantar da yaro ma yana taɓa wannan al'amari. Bincike ya nuna jaririn da aka kwantar rub da ciki barcinsa ya fi nauyi, jikinsa ya fi ɗumi, sauyin tazararsa ya fi raguwa, kuma ya fi wuyar farkawa. Uwar da ta gaji za ta ga wannan kamar sauƙi ne, amma farkawa cikin sauƙi ita ce kariyar yaro in hancinsa ya toshe da katifa ko iska ta yi masa kaɗan. Mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta fi aukuwa tsakanin wata biyu da wata huɗu. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, a 1994 aka fara gangamin wayar da kai a faɗin ƙasar, kuma cikin kimanin shekara goma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi.

Na san abin da iyaye mata ke tsoro, wato kada yaro ya shaƙe da tumbuɗi in yana rigingine. Tsoron yana da dalili, sai dai halittar wuya ta ba da amsa. In yaro na rigingine, hanyar iska ce a sama, hanyar abinci a ƙasa, saboda haka abin da ya taso yakan koma inda ya fito. Ƙasashen da suka koma kwanciyar rigingine ba su ga ƙaruwar shaƙewa ba. A kwantar da shi a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, kada a rufe masa fuska, kada kuma a lafta masa mayafai har ya riƙa gumi ko da lokacin hunturu ne. Hayaƙin taba kuwa, ko a lokacin goyon ciki ko bayan haihuwa, yana ƙara haɗarin. Wannan magana ta maigida ce kamar yadda take ta uwargida.

Abin da ya fi faranta mini rai a wannan fanni shi ne maganin da ba a saye da kuɗi. A 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a Kolombiya, kwalaben jarirai sun yi kaɗan, sai Dakta Edgar Rey ya fara sa iyaye su ɗaura bakwaininsu a ƙirji, fata da fata. Ana sa wa yaro hula da ƙunzugu kawai, a tsayar da shi tsakanin nonon uwa, a juya kansa gefe, a ɗaure da zane. Ya bambanta da goyon baya da muka saba, domin nan babu tufa tsakanin fatar uwa da ta ɗa. A 2003 Ruth Feldman da Arthur Eidelman suka nuna cewa bakwainin da aka yi wa wannan goyo linzamin zuciyarsu ya fi saurin ƙosawa, kuma barcin natsuwarsu ya fi tsawo. A 2021 aka buga sakamakon wani babban gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Indiya da Malawi da Tanzaniya da Gana da Najeriya, inda a Gana aka yi aikin a Kumasi, a Najeriya kuma a Ile-Ife. Jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 da aka fara wa goyon ƙirji nan da nan bayan haihuwa, mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Uba ma yana iya karɓar uwa, haka kaka ko gwaggo. In za a sauke yaro a shimfiɗa, rigingine za a kwantar da shi.

Abin da ido ke gani a gida

Babu mai na'urar auna milisakan a ɗakinta, amma kowa yana iya ganin halaye biyar ɗin nan suna juyawa. Jaririn da ke barci ya motsa, ya natsu, ya farka, ya yi kuka, ya kama nono da ƙarfi, wannan alama ce mai kyau ko da ya hana mutanen gida runtsawa. Wanda ya yi laƙwas, ba ya motsi sai an taɓa shi, kada a yabe shi da haƙuri, a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne. Haka in ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki sosai in ya ja numfashi, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko tafin hannu da na ƙafa suka yi ruwan ɗorawa. Dakatar numfashi ta sakan biyar zuwa goma a barcin motsi ba komai ba ce. In ta kai sakan 20, ko leɓe ya sauya launi, to ta zama ta gaggawa.

Numfashi 60 ko fiye a minti ga yaron da bai kai wata biyu ba ya yi yawa. Amma a ƙidaya lokacin da yake natse, ba yana kuka ko shan nono ba, a cika minti guda cur, sannan a sake ƙidayawa don a tabbatar.

Aiki

1. Zuciyar wani jariri na bugawa sau 100 a minti yana barci, sau 150 yana wutsil-wutsil. Ku fitar da matsakaicin tazarar bugu a kowane hali da milisakan.

2. Wata mai jego ta ce ɗanta ba ya samun barci, domin ko idonsa na rufe yana nishi yana yamutsa fuska. Me za ku tambaye ta, kuma wane bayani za ku yi mata?

3. Da izinin uwarsa, ku zauna kusa da jariri mai barci na tsawon awa ɗaya da agogo a hannu. Kowane minti biyar ku rubuta halin da yake ciki. Ku ƙidaya numfashinsa na minti guda a barcin natsuwa, ku sake ƙidayawa a barcin motsi, ku zo da alƙaluman biyu aji mako mai zuwa.